Kilomita Uku a Ƙasan Carletonville

Ƙarfe huɗu na asuba mota ta ɗauke mu daga masaukinmu a Johanasbag. Watan Yuli ne, tsakiyar hunturun Afirka ta Kudu. Ni da nake taƙama da cewa ɗan Bukuru ba ya jin sanyi, ranar na gane namu na Filato somin-taɓi ne, domin birnin yana kan tudu mai kusan mita 1,750 daga teku, ya ɗara Jos da wajen mita 500. Mu tara ne a motar, duk mahalarta wani gajeren kwas kan aikin dutse a Jami'ar Wits. Mun yi mako biyu muna zana rami a kan allo, yau kuma za mu shiga cikinsa.

Muka miƙi titin N12 muka yi yamma. Da gari ya fara wayewa sai tsibin ƙasa suka bayyana a gefen hanya, rawaya-rawaya, masu shafaffen kai, dusar dutsen da aka niƙa aka tace tun daga 1886 da aka gano zinare a wannan yanki. Sun tuna mini da tsibin kuza na gida, sai dai waɗannan iyayensu ne. Kusa da Carletonville direba ya nuna mana wani fili da aka kewaye da waya, ya ce ƙasa ce ta burma a wurin. Saman yankin wani dutse ne mai narkewa a ruwa, cike da koguna, kuma da kamfanoni suka zuƙe ruwan ƙasa don su samu damar haƙa, sai rufin kogunan ya riƙa faɗawa. A 1964 wani irin wannan rami ya haɗiye gida guda da mutum biyar a cikinsa da tsakar dare, a Blyvooruitzicht. Ba mu ko sauka daga mota ba an fara ba mu labarin ƙasa mai cin mutane.

Mahaƙar da muka je maƙwabciyar Mponeng ce, wadda ta fi kowace mahaƙa zurfi a duniya, kusan kilomita 4. Tamu tafiyar a kilomita 3 za ta tsaya. Aka sa kowa ya busa a na'urar gwajin barasa, har da ni da ban san ɗanɗanonta ba. Aka ba mu farin kayan aiki, takalman roba, hular kwano mai fitila, abin ɗaura wa gwiwa, da wani gwangwani mai nauyi da ake ratayawa a ɗamara, wanda zai ba mutum iskar shaƙa in gobara ta tashi. Na kalli abin gwiwar na ce a raina wannan kuma na mene ne. Kafin azahar na samu amsa.

Kejin da ke sauka da mutane cikin rijiyar mahaƙar hawa uku ne, kuma cusa mutane ake yi kamar kifin gwangwani. Na yi addu'ar hawa abin hawa, ko da yake ban tabbata ba ko wannan hawa ne ko sauka. Ƙararrawa ta kaɗa, ƙasan ya zame daga ƙafata, hanjina ya taso wuya. Kowa ya kashe fitilarsa, sai duhu da iska da ɗigon ruwa. Kunnena ya toshe ya buɗe ya fi sau biyar. Rijiya ɗaya ba ta kai wa ƙasa, saboda igiyar ƙarfe in ta yi tsawo da yawa nauyin kanta ma ya ishe ta, don haka a wajen kilomita biyu muka fita, muka taka zuwa bakin wata rijiyar, muka sake faɗawa. Da muka tsaya, wani ɗan Zambiya a cikinmu ya yi lissafi ya ce yanzu teku tana sama da kawunanmu da fiye da kilomita guda.

Wadda ta karɓe mu injiniyar dutse ce, matashiya, ba ta da tsayi, tana riƙe da ɗan guduma. Tare da ita akwai wani dattijo ɗan Lesoto, shugaban ayarin ma'aikata, wanda kowa ke kira Ntate, wato Baba a harshensu. Ni ma na bi sahu.

Ba ta fara da jawabi ba. Ta tsayar da mu a kwararon da jirgin dutse ke bi, ta ce in ɗora babban yatsana a bango. Bangon da ɗumi, kamar jikin mai zazzaɓi, duk da iskar da ake sanyayawa a turo. Ta ce dutsen da ba a taɓa ba a nan ya haura digiri 50. Sannan ta ce:

"Dubi farcenka. Kafin mu haƙa nan, duk wuri mai faɗin wannan farcen yana ɗauke da kilo 800."

Na san lissafin tun a aji. Dutse mai faɗi da tsawo da tsayin mita guda yana da nauyin kusan tan 2.7, a jera irinsa 3,000 a kan juna, a samu fiye da tan 8,000 a kan kowace murabba'in mita. Amma lissafi a takarda daban, yatsa a bango daban. Buhun siminti 16 a kan farce ɗaya. Na janye hannuna ban san na janye ba.

To ina nauyin ya tafi da aka haƙe dutsen? Nan ne gaba ɗaya zancen yake, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar jinka ya san amsar. Mutum goma sun ɗaga jinka za su ɗora a ɗaki, ɗaya ya zame. Jinkar ba ta rage nauyi ba, wuyan na kusa da shi ne zai gaya musu. Haka dutse yake. Wanda aka cire yana riƙe da kasonsa, da aka fitar da shi sai kason ya koma kan maƙwabta, wato bangon dama da na hagu. Tun 1898 wani injiniyan Jamus mai suna Kirsch ya fitar da lissafin: in rami zagayayye ne kuma matsi daidai yake ta ko'ina, to a bakin ramin zai ninka biyu; in kuwa daga sama kaɗai yake dannowa, gefen ramin zai ɗauki ninki uku. A waɗannan mahaƙu matsin gefe kusan rabin na sama ne, sai abin ya tsaya wajen ninki biyu da rabi. Dutsen nan kuwa, duk da taurinsa da ke cinye bakin ƙarfe, iyakar abin da zai jure ke nan ko kusa da haka.

Injiniyar ta ce mu haska bango da kyau. Sai a lokacin na ga abin da nake ta wucewa. Bayan ragar waya, bangon ba sumul yake ba, ya tsattsage falle-falle a tsaye kamar ɓawon albasa, wasu fallayen sun turo ragar ta yi ciki. A wani wuri an taɓa huda rami zagayayye mai faɗin faranti, yanzu ya yi kunnuwa biyu, dama da hagu, inda dutsen ya ɓare. Ta sa guduma ta nuna, ta ce ko ba na'ura, kunnuwan nan sun gaya maka daga ina matsi ya fi zuwa. Rufin kwararon kuma an yi shi da lanƙwasa, ba a shafe ba, kuma dalilin bai bambanta da na maginan Kano da Zariya ba, da suke ɗaure soro da baka don nauyi ya gangara ta gefe ya sauka a bango.

Na tambaye ta, tunda bangon ya riga ya farfashe, me ya sa ba za a kwashe a zuba kankare mai kauri ba, wanda ba zai motsa ba?

Ta yi dariya, Ntate ma da aka fassara masa ya yi. Ta ce babu kankaren da ɗan Adam zai zuba ya tare kilomita uku na dutse. Wannan farfasasshen dutsen da nake rainawa shi ne garkuwarsu: da ya tsage sai ya saki nauyin, nauyin ya matsa can ciki inda dutse ke matse ta kowane gefe, kuma dutsen da ke matse ta ko'ina ya fi na bakin rami ƙarfi nesa ba kusa ba. Aikinsu shi ne su riƙe fasassun a inda suke kada su zubo. Shi ya sa ake huda bango a soka dogayen rodi, a shimfiɗa raga, a bi ta kai da igiyar ƙarfe a saƙa kamar gadon igiya, wani wurin a fesa kankare siriri. Har akwai wani rodi da aka ƙirƙira a nan ƙasar, mai dunƙulallen kai a can ciki, da aka yi shi musamman don ya ja jiki a cikin siminti in dutse ya fizge shi, maimakon ya tsinke.

"Ramin nan rufewa yake yi," in ji ta. "Tun ranar da aka buɗe shi. Mu dai roƙonmu ya rufe a hankali."

Na zo da tunanin cewa tokara mai kyau ita ce wadda ba ta lanƙwasa. Wannan tunanin a kwararon nan na bar shi.

Daga nan tafiya ta koma rarrafe. Jijiyar zinaren ba ta da kauri, shimfiɗa ce ta tsakuwar tsohon kogi da ta daskare tun shekaru kusan biliyan uku, ta kwanta a karkace. Don kada a yi asarar fasa dutsen banza, iyakar kaurinta ake bi, sai wurin aikin ya zama faffaɗa kamar filin ƙwallo amma tsayinsa da kyar ya wuce mita guda. Ka kwatanta shiga ƙarƙashin gado, gadon kuma a kan gangara, ƙasansa tsakuwa mai kaifi, ga zafi, ga ruwa, ga ƙarar injin huda dutse da ke shiga har haƙori. Na gode wa wanda ya ba ni abin gwiwa. Gumi ya cika mini takalmi har ina jin yana ƙugi in na motsa.

A nan na ga tokara iri-iri. Akwai gungumen itace a tsaye, jere-jere, kuma da na shinshina sai na ji ƙamshin da na sani, itacen turare ne, irin wanda aka daddasa a tsofaffin filayen kuza a gida. An fere kowane gungume ta wata siga don in nauyi ya sauko ya riƙa murƙushewa kaɗan-kaɗan daga kai, kada ya karye a tsaka. Na kusa da bakin aiki sababbi ne. Na baya kawunansu sun tarwatse kamar bakin asuwaki. Na can baya sosai sun koma rabin tsayinsu. Akwai kuma ginshiƙan katako da aka jera gicciye, da manyan buhuna masu tsawon ɗaki da ake cikawa da dusar dutsen da aka tace a sama, a turo ta ta bututu ta dawo inda ta fito. Injiniyar ta nuna mana wani ɗan bututun awo da aka kafa tsakanin rufi da daɓe. 'Yan milimita ne a rana, ta ce, kuma ba yawan ne ke tayar mata da hankali ba, sauyin ne. In wurin da ya saba tafiya ya tsaya cik, ko ya ƙara sauri ba dalili, to akwai magana.

Ntate ya haska can baya inda aka ɗaure da igiya, ya ce, "Madala."

Na ce, "Madalla kuwa, Ntate," ina tsammanin yabon aikin yake. Sai da injiniyar ta gama dariya ta ce a Fanakalo, harshen da ma'aikatan ramin suka haɗa daga Zulu da wasu harsuna don su fahimci juna, madala na nufin tsoho, kuma haka suke kiran wurin da aka gama cinyewa aka bari. Ba a shiga. Na leƙa da fitila. A can ƙarshen haske rufi da daɓe sun haɗu, sun matse katakon da ke tsakaninsu ya zama kamar tabarma. Wurin da mutane suka taɓa durƙusawa suna aiki, yanzu ko ɓera ba zai wuce ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Ntate da sandarsa. Doguwar sandar ƙarfe ce mai ɗan lanƙwasasshen baki, suna kiranta gwala. Kafin kowa ya wuce ƙarƙashin wani rufi, sai ya tsaya ta gefen sama na gangara, inda aka riga aka tokare, ya miƙa ta ya ƙwanƙwasa. In dutsen ya amsa da ƙara siririya, tsan-tsan, lafiya. In ya amsa kamar ganga, to ya rabu da uwarsa, sai ya soka bakin sandar a tsaga ya ɓamɓaro shi. A gabana ya sauke wani falle mai girman ƙyauren taga daga wurin da ni na duba na ga ba komai. Ya miƙo mini sandar. Na buga nan, na buga can, na ce duk ɗaya nake ji. Ya kama hannuna ya ɗora tafina a rufin, ya buga kusa da shi. Sai na ji: wanda ya saki yana rawa a tafin hannu, mai lafiya ba ya yi.

Kawuna ya faɗo mini a rai. Ya shekara fiye da ashirin yana shiga loto a bayan Bukuru, ramin kuza mai faɗin bakin rijiya da ake yin ƙasa da shi sannan a kwanta a bi jijiya ta gefe. Shi yakan ce ƙasa ba ta ruftawa sai ta yi sallama, kuma sallamarta ita ce yashi ya fara zubowa siriri kamar gari daga rariya. Na faɗa wa Ntate haka. Ya jinjina kai, ya ce a nan ma tana yi, amma ba kullum ba.

Ba mu daɗe ba na fahimci nufinsa. Muna tsugune ana yi mana bayanin buhunan nan, sai dum! Ba a kunne na fara ji ba, a gwiwa da ƙirji, kamar an saki babbar mota daga sama ta faɗi a ɗakin da ke kusa. Ƙura ta tashi, tsakuwa ta yi ta zubowa a kan hulunanmu. Salati ya kuɓuce mini da ƙarfi. Ntate ya ɗaga hannu, injin huda ya mutu, kowa ya yi tsit. Cikin shirun nan na ji dutse yana ƙas, ƙas, ƙas, kamar itace a murhu, yana raguwa. Ya nuna mana hanya da sanda, muka ja da baya ɗaya bayan ɗaya zuwa inda tokara ta fi yawa. Ba wanda ya yi gudu, ko da yake ƙafafuna sun ba da shawarar haka.

Injiniyar ta yi waya sama. Akwai na'urorin sauraro da aka binne a cikin dutse ko'ina a mahaƙar, kuma cikin 'yan mintuna masu lura da su suka gaya mata inda abin ya faru da girmansa. Ƙarami ne, ta ce, can gaba da mu, a jikin wata tsohuwar tsaga. Bayaninta shi ne, dutse mai tauri yana tara matsi kamar gwafar danko da aka ja. In aikin haƙa ya matso kusa da tsagar da ta daɗe a kulle, ko wata jijiyar baƙin dutse da ta ratsa, sai wurin ya zame lokaci ɗaya, girgizar ta bi ta dutse, in ta iso bakin rami ta yi jifa da bango. Wannan ne ba ya sallama. A Maris na 2005 irinsa mai ƙarfin maki 5.3 ya auku a Stilfontein, ya kashe ma'aikata biyu a ƙasa, ya lalata gine-gine a cikin gari. Ba wanda ya iya faɗin ranarsa ko sa'arsa. Abin da aka iya shi ne rage masa dama: a bar dutse ba a haƙa ba a gefen manyan tsagogi, a bar ginshiƙai masu faɗi tsakanin wuraren aiki, a tayar da nakiya lokaci ɗaya bayan kowa ya fita, domin yawancin girgizar a sa'o'in da ke biye da nakiya take zuwa. Dokar lafiyar ma'aikatan ma'adinai ta 1996 kuma ta ba kowane lebura ikon barin wurin da ya ga hatsari. Ntate bai bar kowa ya koma ba sai da ya sake bin rufin da sandarsa tun daga farko.

A hanyar fita zancen ginshiƙi ya kai mu Coalbrook. Mahaƙar kwal ce kusa da Sasolburg, ba ta ma kai mita 200 ba. An riƙa rage ginshiƙan kwal ɗin da ke riƙe da rufi, ranar 21 ga Janairun 1960 wasu suka gaza, nauyinsu ya koma kan na kusa, su ma suka gaza, haka ya bi su ɗaruruwa. Mutum fiye da 430 suka mutu, ba a fito da gawa ko ɗaya ba. Bayan wannan ne wasu masu bincike biyu, Salamon da Munro, suka fitar da lissafin ƙarfin ginshiƙi a 1967, wanda har yau ake aiki da shi. Ina jin labarin ina tuna yadda ake cin ƙafar rami a loto, a ƙwaƙule ɗan ginshiƙin da aka bari saboda kuzar da ke jikinsa. Masu zama a ofis sukan ce kwaɗayi ne. Ni da na ci tuwon da aka saya da kuɗin wannan kuzar, bakina ba ya iya faɗin haka. Amma jinkar ba ta tambayar dalilin da ya sa mutum ya zame.

Mun fito bayan la'asar, na haɗa sallolina a ɗakin canza kaya, gwiwoyina suna ƙin sujada. Kafin mu tafi injiniyar ta kai mu ofishinta ta buɗe wani akwati. Dutsen gwaji ne da ake hudowa dogo kamar rake, sai dai wannan ya yanke kansa faifai-faifai, kowanne kamar an yanka dankali, saboda tsananin matsin inda aka ciro shi. Ta ba ni ɗaya, na dutsen da ba zinare a cikinsa, da takardar izinin fita da shi.

Da na koma gida na kai wa Kawu. Yana zaune a ƙofar gida da rediyonsa. Na ba shi labarin keji da zafi da buhun siminti 16, yana ta juya faifan a hannu. Ya ɗauki cokalin shayinsa ya ƙwanƙwasa shi, ya kara a kunne, ya sake ƙwanƙwasawa.

Ya ce, "Shi dattijon mai sandar, shekararsa nawa a ramin?"

Na ce, "Talatin da ɗoriya, Kawu."

"Da yatsunsa duka?"

Na ce duka goma, na gani da idona lokacin da ya kama hannuna.

Ya sa faifan a aljihun rigarsa, ya ce in je in gaida Inna, tun safe take tambaya ko na iso.